Hadayar da Aka Gama da Godiyar da Ba Ta Ƙarewa: Nazari kan Kafara da Godiyar Kaka a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, musamman idan Babbar Salla ta ƙarato, ba sai an yi masa dogon bayani kan darajar dabbar yanka a wajen mutanen wannan yanki ba. Raguna na kwararowa daga Damagaram da sauran sassan Nijar, manyan motoci na lodi zuwa Kano da Legas, mai saye kuwa sai ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya leƙa ido, ya shafa ƙafa, kafin ya yarda a shiga ciniki. Abin da za a miƙa wa Allah ba a sayensa ido rufe.

A masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, Musulmi ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Kirista 'yan kaɗan ne: 'yan kasuwa, ma'aikatan kan iyaka, malamai da ɗalibai, masu yi wa ƙasa hidima, da Hausawan da suka gaji addinin daga iyaye. Ranar Salla maƙwabta kan aiko musu da naman layya, kuma ba a rasa mai tambaya cikin raha: "To ku fa, yaushe ne taku layyar?" Amsar da aka saba ji gajeriya ce: "An riga an yi mana, sau ɗaya tak."

Cikin wannan gajeriyar amsa akwai kusan dukan abin da addinin Kirista ya tsaya a kai. Wannan nazari zai bi abu biyu, hadayar kafara da godiya, ya kuma nuna cewa jerin da suke zuwa a ciki shi ne ran maganar. Kafara ce a gaba, kuma aikin Allah ce. Godiya ce a baya, ita ce rabon mutum. Ranar da aka juya wannan jeri, ibada ta koma ciniki.

Ƙasar da ta san yanka

Bishara ba ta tarar da Bahaushe baƙo ga maganar hadaya ba. Kakannin Hausawa Kirista da dama a ƙasashen Kano da Katsina da Jigawa Maguzawa ne, waɗanda ke yanka wa iskoki kaza ko akuya a kan gida ko a bakin gona. Kowane iska da launin dabbar da yake so. Masani Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya rubuta yadda wannan tsari yake. Manufar yankan a fili take: a ba iska rabonsa don ya bar gida lafiya, ya bar gona ta yi albarka. Mutum ne ke bayarwa tukuna, sannan ya jira sakamako, baɗi kuma a sake.

Layya dabam take. Musulmi na yin ta ne don koyi da Annabi Ibrahim da neman kusanci ga Allah, Alƙur'ani kuma ya bayyana cewa nama da jini ba sa isa ga Allah, taƙawar mai yankan ce ke isa. Kaffara a shari'ar Musulunci kuwa aiki ne da mai laifi ke yi da kansa, kamar ciyar da miskinai goma ko azumin kwana uku ga wanda ya karya rantsuwa.

Cikin wannan ƙasa ce masu bishara suka shigo. Ƙungiyar SIM, wadda ta faro a 1893, ta kafa tasha a Damagaram a 1924, daga baya ta kai Tsibiri da Maraɗi da Dungas, can tsallaken iyaka. A ƙarshen shekarun 1930 ta karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikinta a Najeriya suka haɗu suka zama ECWA a 1954. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, bayan wahalar shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Tun daga nan manomi a ƙauye ya samu damar karanta dokokin hadaya na Isra'ilawa da harshensa, ya ga abin da ya yi kama da wanda ya sani da kuma abin da ya saɓa.

Ranar Kafara da idon kusa

Babi bakwai na farkon Littafin Firistoci sun jera hadayu iri biyar: ta ƙonawa, ta gari, ta salama, ta zunubi, da ta laifi. Amma ƙolinsu duka na cikin babi na 16, Ranar Kafara, wadda ke zuwa sau ɗaya a shekara, ran goma ga wata na bakwai.

Ran nan babban firist yakan tuɓe kayan alfarmarsa, ya yi wanka, ya sa farar tufar lilin marar ado. Kafin ya taɓa laifin kowa, sai ya yanka bijimi saboda nasa da na gidansa, domin shi ma mai laifi ne. Sai a kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a. Na farko a yanka shi, firist ya ɗauki jinin ya shiga bayan labule, wurin da ba mai shiga sai shi, shi ɗin ma sai ran nan. Hayaƙin turare ya rufe wurin, ya tsoma yatsa ya yayyafa jinin sau bakwai. Na biyu kuwa ba a yanka shi. Firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a duka, sannan wani mutum ya ja shi zuwa jeji ya sake shi inda ba zai dawo ba. Jama'a na waje, ba aiki, ba ci, suna jira.

Darasi uku ke cikin wannan tsari. Na farko, zunubi ba ƙaramin kuskure ba ne da za a share da "a yi haƙuri". Yana ɓata tsakanin mutum da Mahaliccinsa, gyaransa kuma yana cin rai. Na biyu, littafin ya ce Allah ne da kansa ya tanadi wannan hanya, wato ba dabarar ɗan Adam ba ce ta lallashin wani mai fushi. Shi ya sa aka yi wa talaka sauƙi: wanda ba shi da halin tunkiya ya kawo kurciya biyu, wanda ba shi da halin kurciya ya kawo ɗan gari. Da gafara sayenta ake yi, da ba a yi wannan rangwame ba. Na uku, hadaya ba ta cinye haƙƙin mutum. Wanda ya ci amana ko ya yi ƙwace, dole ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar a kai, sannan ya kawo ragonsa.

Duk da haka annabawa ba su bar jama'a sun miƙe ƙafa ba. Amos da Ishaya da Yusha'u da Mika sun tsawata wa masu cika bagade da kitse alhali suna danne marayu da gwauraye. Malakai ya tuhumi masu zaɓo makauniyar dabba da gurguwa su kawo wa Allah, abin da ba za su iya kai wa gwamnansu ba. Akwai kuma rauni a cikin tsarin kansa: abin da ake maimaitawa kowace shekara, alama ce cewa aikin bai ƙare ba.

Gicciye a matsayin hadaya

Kirista sun gaskata cewa an gicciye Yesu Almasihu a Urushalima lokacin Idin Ƙetarewa, zamanin da Bilatus ke gwamnan Yahudiya, tsakanin shekara ta 26 da ta 36, kuma ya tashi a rana ta uku. Marubutan Sabon Alkawari sun kalli wannan mutuwa da idon tsoffin hadayu. Yahaya Mai Baftisma ya kira shi Ɗan Rago na Allah. Linjila ta ba da labarin labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa a sa'ar mutuwarsa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ita ce ta fi zurfafawa: ta nuna firistoci a tsaye kullum suna ta maimaita yanka, ta nuna Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya ya zauna, domin aiki ya kammala. A nan firist da hadaya sun zama abu guda. Lokacin da Romawa suka rushe Haikali a shekara ta 70, mabiyan Yesu ba su nemi wani bagade ba.

Yadda wannan mutuwa ke ceto kuwa, malaman Kirista sun daɗe suna juya maganar. Na farko-farko sun fi ƙarfafa fansa da nasara: ɗan Adam bawa ne a hannun zunubi da mutuwa, Almasihu ya shiga ya ɓalle shi. Wajen 1098 Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya kawo bayanin bashi: mutum ne ya ci bashin, don haka shi ya kamata ya biya, amma nauyin ya fi ƙarfin kowa sai Allah, saboda haka mai biya sai ya kasance Allah ne kuma mutum. Abelard na Faransa, wanda ya rasu a 1142, ya ce babban aikin gicciye shi ne bayyana ƙaunar da ke narkar da taurin zuciya. Masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16 suka ƙarfafa cewa marar laifi ya tsaya a madadin mai laifi, suna kafa hujja da Ishaya babi na 53. Wannan bayani na ƙarshe shi ya fi yawa a wa'azin ikilisiyoyin Hausa da kuma cikin Littafin Waƙoƙi.

A ganina kowane bayani ya kama gefe guda na gaskiya, kuma kowanne na da haɗari idan aka sake shi shi kaɗai. Mai wa'azin da ya zana Uba a matsayin mai ƙishin jini, Ɗa kuma a matsayin wanda ya shiga tsakani ya kwantar da shi, ya ɓata koyarwar, domin Sabon Alkawari ya ce ƙaunar Uba ce mafarin al'amarin. Wanda ya tsaya kan misalin ƙauna kawai kuma ya bar tambayar adalci ba amsa. Amma duk da saɓaninsu, sun haɗu a wuri guda: ba mutum ne ya biya ba. Katolika ma, da ke kiran sujadarsu ta Mas hadaya, koyarwarsu tun taron Trent a 1562 ita ce ba sabuwar hadaya ake yi ba, waccan guda ɗaya ce ake halartowa. Ko a cocin Katolika ko a ECWA ko a Angilikan, abin da ke kan tebur gurasa ce da ƙoƙo, babu wuƙa.

Inda aka rabu da maƙwabci

Gaskiya ta fi a faɗe ta: nan ne Musulmi da Kirista suka rabu, rabuwa ta haƙiƙa. Alƙur'ani ya ce ba a kashe Annabi Isa ba kuma ba a gicciye shi ba, ya kuma nanata cewa babu rai da ke ɗaukar nauyin laifin wani. Har a labarin Annabi Ibrahim, mafi yawan malaman Musulunci sun ce Isma'ila ne aka umarta a yanka, Littafin Farawa kuwa ya ce Ishaku. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne, Allah ne ya kawo abin fansa, ba Ibrahim ba.

Tambayar da Musulmi ke yi tana da nauyi, bai kamata a raina ta ba: ina adalci a hukunta marar laifi a saki mai laifi? Annabi Ezekiyel ma, a babi na 18, ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Amsar Kirista ita ce, da wani na uku aka kamo aka ɗora wa, da zalunci ne. Amma a bangaskiyarsu wanda aka yi wa laifin ne ya sauko ya ɗauki asarar da kansa, da yardarsa. Duk yafiya ta gaskiya haka take: mai yafewa ne ke haɗiye asara. Musulmi ba zai karɓi wannan amsa ba, domin ta rataya ne kan wane ne Almasihu, kuma nan ma an rabu. Sanin inda aka rabu bai hana zaman lafiya ba. Jahiltar abin da maƙwabci ya gaskata, da ƙaga masa abin da bai faɗa ba, su ne ke haddasa fitina.

Abin da ya rage wa mutum

Idan an gama hadaya, me ya rage wa mai bi ya kawo? Littafin koyarwa na Heidelberg, wanda aka wallafa a Jamus a 1563, ya kasa tambayoyinsa 129 gida uku: halin ƙaƙa-ni-ka-yi da mutum ke ciki, yadda aka cece shi, da yadda zai gode. Abin lura shi ne, Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji duk a kashi na uku aka sa su. Ke nan kiyaye doka da yin addu'a ba kuɗin shiga ba ne, godiya ce. Haka jerin yake tun a Littafin Fitowa: an fid da Isra'ilawa daga Masar tukuna, sannan aka ba su doka a Sina'i. Manzo Bulus ma sai da ya cika babi goma sha ɗaya na wasiƙarsa ga Romawa da bayanin jinƙan Allah, sannan a babi na 12 ya roƙe su su miƙa jikunansu hadaya mai rai. Ibraniyawa babi na 13 ta ambaci hadayun da suka rage: yabon baki, yin alheri, da raba abin hannu da wasu.

Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici. Idan babban mutum ya aiko maka da doki, abin da ka damƙa wa ɗan aike ba kuɗin dokin ba ne, kuma wanda ya ɗauke shi kuɗin doki ya ci mutuncin mai kyautar. Ana ba da tukuici ne saboda kyauta ta riga ta iso, kuma a hannun wanda ke tsaye gabanka yake sauka. Baikon Kirista haka yake: ba ya sayen komai, yana shaida ne cewa an karɓa, kuma tun da Allah ba ya cin gero, a hannun bayinsa yake sauka.

Tsohuwar doka ta riga ta nuna haka. Cikin hadayun salama akwai ta godiya, kuma sharaɗinta shi ne a cinye namanta a ranar, kada a bar komai ya kwana. Gida ɗaya ba ya cinye sa ko rago a yini guda. Dole a kira dangi da maƙwabta da matalauta. Dokar ta rufe ƙofar ajiya don ta buɗe ƙofar gida. Haka kuma Maimaitawar Shari'a babi na 26 ta umarci manomi ya kawo nunan fari cikin kwando, ya tsaya ya ba da tarihin yadda aka ceci kakanninsa, sannan ya yi murna tare da Balawe da baƙon da ke zaune a garin. An kuma hana shi girbe gefen gona da komawa yin kala, domin wannan rabon matalauci ne da baƙo.

Lahadin godiyar kaka

Bikin godiyar kaka a sifar da coci-coci ke yinsa yau ya samo tushe daga Ingila, inda wani limamin coci mai suna Robert Hawker ya kira jama'arsa su yi sujadar godiya saboda girbi a 1843. Amma da ya iso ƙasar Hausa bai zama baƙo ba, domin ya tarar da manoman da suka san fitar da dami ɗaya cikin goma, suka kuma san ba a fara cin sabon hatsi da gadara.

A ikilisiyoyin karkara akan sa ranar ce bayan an kai amfani gida, daga Oktoba zuwa Disamba. A yanki irin na Gumel, inda damina gajeriya ce kuma ƙasa rairayi, abin da za ka gani gaban majami'a shi ne abin da gona ta bayar: damman gero, dawa, ƙwaryar wake, gyaɗa, riɗi, zoɓo, kabewa, kaji ɗaure da ƙafa, wani lokaci ɗan akuya yana kuka a bakin ƙofa. Ma'aikaci da ɗan kasuwa su sa nasu a ambulan. Matan Zumunta, sanye da atamfa iri ɗaya, su ɗauki waƙa da kiɗan tulu, sai a fara fitowa gida-gida ana rangaji. Maigida a gaba da dami a ka, uwargida da ƙwarya, yara na biye kowa da 'yar tsarabarsa. Can za ka hango tsohuwa da sanda, ta rungumo mudun wake ɗaure a bakin zane. Ba ta iya rawa, amma sai ta kai gaba da ƙafarta. Wani dattijon ikilisiya ya sunkuya ya karɓa da hannu biyu: "Sannu Mama, Ubangiji ya karɓa." Ta amsa: "Nasa ne, ɗana." Daga nan Baba Fasto ya ɗaga hannu ya yi addu'a a kan tarin, a fita a ci abinci tare.

Hatsin nan na da aiki. Daga cikinsa ake ciyar da gidan fasto, wanda albashinsa a ƙauye bai taka kara ya karya ba. Daga ciki ake tallafa wa masu bishara, a taimaki gwauraye da marayu, a gyara rufin majami'a. Idan bikin ya tafi daidai, wa'azi ne da ake gani da ido: mutanen da aka yafe wa kyauta suna bayarwa kyauta.

Inda al'adar ke karkacewa

Amma ba kullum take tafiya daidai ba, kuma mai ƙaunar ikilisiya bai kamata ya yi shiru ba.

Karkata ta farko ita ce mayar da baiko jari. Wa'azin "shuka iri", wanda ya bazu daga manyan birane ta talabijin da wayar hannu, yana cewa ka ba da dubu Allah ya mayar maka da dubu ɗari, ka ba da abin da zai yi maka zafi don a buɗe maka hanya. Wannan tsohon tsarin ba-ni-in-ba-ka ne ya dawo da sabuwar riga. Jikan wanda ya bar yanka wa iskoki bai kamata a mayar da shi ga wannan lissafi da sunan Almasihu ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin Siman, wanda ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, da irin tsawar da Bitrus ya yi masa.

Ta biyu ita ce gasa. A wurare da dama akan yi gwanjon kayan godiya, a naɗa manyan baƙi, a kira suna da adadi a lasifika. Tara kuɗin aikin ikilisiya ba laifi ba ne. Laifin shi ne ranar da mai mudu ɗaya ya ji kunyar fitowa ya zauna a gida. Yesu ya zauna yana kallon masu zuba kuɗi a Haikali, wadda ya yaba kuwa gwauruwa ce mai anini biyu. Bikin da zai sa irin wannan mata ta sunkuyar da kai ya kauce daga manufarsa, komai yawan abin da aka tara.

Ta uku ita ce mayar da "jinin Yesu" laya, ana kiransa kan mota da hanya da kayan shago, alhali halin mutum bai sake ba. Hadayar kafara sulhu ce tsakanin mutum da Allah, ba maganin tsari ba ce. Kusa da wannan akwai mai cewa tun da an biya, sai ya yi abin da ya ga dama. Bulus ya rufe wannan ƙofa a Romawa babi na 6, malamin nan na Jamus Dietrich Bonhoeffer kuma ya yi kashedi a kanta a 1937. Mai tauye mudu a kasuwa, mai danne kuɗin ɗan ƙwadago, mai dukan matarsa, ba zai wanke kansa da buhun riɗi ba. Yesu ya ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa na riƙe da shi, ya ajiye baikon ya je ya shirya da shi tukuna.

Akwai kuma gwajin da ke tona asirin kowace godiya, wato shekarar da gona ta ƙi. Dattawan wannan yanki ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Idan godiya ladan damina ce kawai, ranar da rumbu ya wofinta ita ma ta ƙare. Annabi Habakuk ya rufe littafinsa da ƙudurin yin murna da Allah ko da gonaki ba su ba da komai ba, garke kuma ya watse. Mai bi na iya tsayawa a nan ne domin tushen godiyarsa ba ya cikin rumbu. Yana cikin abin da aka riga aka yi masa, wanda fari ba ya ƙonawa. A irin wannan shekara aikin ikilisiya ba matsa wa mutane su kawo ba ne, buɗe nata rumbun ne.

Wani abu kuma ya fi waɗannan duka nauyi a Arewacinmu, inda aka sha zubar da jini da sunan addini. Wanda ya ce an zubar da jini sau ɗaya domin kowa, ba shi da bakin neman jinin wani. Yesu ya ba da misalin bawan da aka yafe wa bashin da ba zai taɓa iya biya ba, ya fita ya shaƙe abokinsa saboda 'yan kuɗi kaɗan. Neman adalci a gaban hukuma haƙƙi ne. Ramuwar gayya kuwa musun gicciye ce.

Kammalawa

Luka ya ba da labarin kutare goma da aka warkar, ɗaya ne kawai ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye, wanda ba a sa ran zai komo ba. Duka goman sun samu lafiya kafin kowa ya yi godiya. Godiyar ba ita ta sayo warakar ba, amma ita ta bambanta wanda ya san mai kyautar da waɗanda suka tafi da kyautar kawai.

Saboda haka ina kira ga fastoci da dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da duk inda ake sujada da Hausa. Ku koya wa jama'a kafara kafin ku roƙe su baiko. Ku daina kiran adadi a lasifika. Ku ware rabon gwauraye da marayu tun kafin a taɓa kuɗin gini, kuma kada rabon ya tsaya kan 'yan ikilisiya kaɗai, domin yunwa ba ta tambayar addini. Ku tabbata tuwon ranar godiya ya shiga gidajen maƙwabta Musulmi. Kai kuma mai karatu, idan Kirista ne kai, kafin ka ɗauki daminka bana ka duba ko akwai haƙƙin wani a hannunka, ka mayar masa tukuna. Sannan ka kawo abin da kake da shi da sakin fuska, domin ba biya kake yi ba, godiya kake yi.